Idan Aka Ɗauki Naka Ba Sallama: Nasiha ga Matasan Kagoma da Maƙwabtansu

Ya ku 'ya'yana da ƙannena na Fadan Kagoma da Asso, na Kafanchan da Kwoi, da duk inda wannan takarda ta riske ku, Kirista da Musulmi: Akwai wani ciwo da na lura yana cin tsararku fiye da yadda ya ci tamu, domin ku kuna ganinsa ido da ido a wayar da ke hannunku, a daidai lokacin da yake faruwa. Wani mawaƙi ya ɗauki karin waƙar da kakarka ke yi a gindin dutsen niƙa, ya ɗora masa kiɗan zamani, ya ce shi ya ƙaga. Wani mai ɗinki a birni ya kwaikwayi adon 'yan rawar garinku, ya liƙa masa sunan shagonsa. Wani ɗan barkwanci ya ɗaura ganye a ƙugu, ya karya harshe da gangan, ya ce wai ga mutanen Kudancin Kaduna, jama'a na ta tuntsira dariya. Kai kuwa zuciya ta taso maka har wuya, ba abin da kake so sai ka rama.

Ba zan ce muku kada ku yi fushi ba. Wanda aka taɓa gadon iyayensa bai ji komai ba, shi ne abin a yi wa jaje. Sai dai fushi shi kaɗai bai taɓa dawo wa kowa da kayansa ba, kuma a wannan ƙasa tamu ya sha cinye abin da ya fi kayan daraja. Duk inda aka ƙwato haƙƙi irin wannan, da abu uku aka ƙwato shi: hujja, da sanin wanda za a tuhuma, da naci. Ba sai mun je nesa neman misali ba, yana nan a ƙofar gidanmu.

A 1928 masu haƙar kuza a ƙauyen Nok, a ƙasar maƙwabtanmu Ham, suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu. Ba a san darajarsa ba a lokacin. A 1943 aka sake cin karo da wani kan, a wata mahaƙar kuza kusa da Jema'a. Akawun wurin ya kai shi gonarsa ta doya, ya kafa shi don ya tsorata masu ɓarna, har ya shekara a can yana shan rana da ruwa. Daga baya aka kai shi Jos, ya faɗa hannun Bernard Fagg, wani matashin jami'in mulkin Ingila da ya karanci ilimin tona tarihi. Fagg ya gane cewa wanda ya gina wannan kai da wanda ya gina na Nok 'yan gida ɗaya ne. Ya kira al'ummar da ta yi su da sunan ƙauyen Nok, sannan a 1952 aka buɗe gidan tarihi na Jos. Masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus, waɗanda suka fara aiki a yankin a 2005 tare da hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya, sun nuna cewa mutanen nan suna zaune tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa Almasihu, suna noman gero da wake, daga bisani suka iya narkar da tama su fitar da ƙarfe. Wato ƙasar da wasu ke kira daji, tana cikin wuraren da aka fara gina siffar ɗan Adam da yumɓu a duk Afirka kudu da Sahara.

Da darajar kayan ta bayyana, sai kasuwa ta buɗe. A tsakiyar shekarun 1990 aka shiga tonon ƙasa ba dare ba rana. Dillalai suka riƙa ɗaukar ɗaruruwan samari aikin tono, su sayi abin da aka samu da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, su fitar da shi ta Kwatano ko Lome zuwa Turai, inda ake sayar da shi da kuɗin da mai tonon ba zai taɓa gani ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Alhali tun 1979 akwai dokar da ta hana fitar da kayan tarihi daga Nijeriya ba tare da izini ba. Asarar kuma ba ta tsaya a kan kuɗi ba. Mutum-mutumin da aka fizge daga ƙasa ba a rubuta inda yake kwance ba, ba a duba abin da ke kusa da shi ba, ya zama bebe. Ba zai sake faɗa wa kowa yadda masu shi suka rayu ba. Masanan Frankfurt sun tarar an riga an tone mafi yawan wuraren da suka je. Ku riƙe wannan da kyau: ba Bature ne ya riƙe diga da shebur ba. 'Ya'yan ƙasa ne, talauci da rashin sani suka tura su. Wawurar gado ba ta cika yiwuwa ba sai da hannun ɗan gida.

A 1998 gwamnatin Faransa ta sayi mutum-mutumi uku, biyu na Nok, ɗaya daga ƙasar Sakkwato, a hannun wani dillali a Beljiyam. A Afrilun 2000 aka baje su a gidan tarihi na Louvre a birnin Faris, a wani sabon sashe da Shugaba Jacques Chirac ya ɗauka tamkar nasa. Hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya ta nuna ba ta yarda ba. Majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, wadda a wannan shekarar ta fitar da jerin kayan tarihin Afirka da bai kamata kowa ya saya ba, har da na Nok a ciki, ta yi tir da abin. Masana suka yi ta rubutu, 'yan jarida suka ƙi barin maganar ta kwanta. A 2002 Faransa ta amince a rubuce cewa kayan mallakar Nijeriya ne, Nijeriya kuma ta ba ta aronsu na shekara 25, da damar sabuntawa. Masanin shari'a Folarin Shyllon na Jami'ar Ibadan ya soki wannan yarjejeniya, yana ganin an saka wa mai sayen kayan sata da alheri, kuma yana da gaskiyarsa. Duk da haka, ƙasa mai ƙarfi irin Faransa ta sa hannu cewa kayan ba nata ba ne, ba a fasa gilashi ko ɗaya ba. Wanda ya ƙirga daga 2002 zai ga wa'adin farko ya faɗa a 2027. Wa a cikinku ya shirya tambayar inda maganar ta kwana?

To, kafin ku fusata da kowa, ku sani ba kowace ɗauka ce sata ba. Babu al'ummar da ta tashi da kayanta ita kaɗai. Bahaushe ya aro sarautun Galadima da Ciroma da Yarima daga Barno, ya aro alkyabba daga Arewacin Afirka, goron da yake ɗaura aure da shi kuwa daga Gwanja fatake suka riƙa kawo masa. Atamfar da matanmu ke yin anko da ita, asalin fasaharta daga Indunusiya ne, masana'antun Holan suka kwaikwaya suka kawo mana. Finafinan Kano sun sha daga na Indiya, ba ɓoyayyen abu ba ne. Mu ma a nan Hausa ce harshen kasuwa, kuma ita ce ta majami'a. Tun 1932 aka kammala fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa, da ita ake wa'azi da waƙa a ƙauyukanmu da dama. Marigayi Patrick Ibrahim Yakowa, haifaffen Fadan Kagoma, ya mulki Jihar Kaduna daga 2010 zuwa 2012 yana sa babbar riga da hula, ba wanda ya ce ya saci kayan wani. Bahaushen da aka haifa a Kafanchan ya tashi da faten acca, ba baƙo ba ne a gaban kwanon. Wannan shi ne zaman tare, kuma wanda ya ce zai kulle al'adarsa a akwati don kada a taɓa, shi ne zai fara kashe ta.

Yaya za ka bambanta aro da wawura? Ka yi wa kanka tambaya huɗu. An ambaci mai kayan, ko an goge sunansa? An nemi izini, musamman a kan abin da masu shi ke girmamawa? Wa ya ci ribar? Kuma da mutunci aka ɗauka, ko da ba'a? Baƙuwar da ta zo bikin Khituk Gwong na al'ummar Gwong, wato mutanen Kagoma, matan gari suka ɗaura mata ado da hannunsu, ta shiga rawa tana murna, ba ta yi laifi ba. Karramawa ce, a yi mata maraba. Amma dodo a ƙasar nan ba abin wasa ba ne. Da shi kakanni suke yanke hukunci, da shi suke horar da samari su zama maza, kuma ko da yake yawancin jama'a sun shiga addinin Kirista ko Musulunci, dattawa ba su daina jin nauyin abin ba. Wanda ya ɗauki kayan dodo ko waƙar makoki ya yi tallar kasuwancinsa da su, ya taka abin da bai san zurfinsa ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne a zagi mai abu saboda abinsa jiya, yau kuma a yaba wa baƙo a kan abin nan guda. Ku dubi acca. An daɗe ana yi mata kallon abincin ƙauye, har ɗan makaranta kan ji kunyar faɗin ita ya ci. Tun 2018 Tarayyar Turai ta amince a sayar da ita a kasuwanninta, yanzu ana ƙulla ta a leda mai ƙyalli ana sayarwa a Turai da Amurka a matsayin abincin masu kula da lafiya. Wannan a karan kansa ba laifi ba ne, kasuwa ce ta buɗe. Abin tambaya shi ne ko matar da ta sha wahalar sussuka da surfe da rairaye za ta ga wani abu a cikin ribar.

Ku kuma 'ya'yan Hausawa da muke zaune tare, kada ku ɗauka maganar ba ta shafe ku ba. Ɗaruruwan shekaru majeman Kano da Sakkwato suna jeme fatar jar akuya, ayari na ƙetare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka. Da ta isa Turai sai aka riƙa kiranta fatar Maroko, aka yi wa manyan littattafai bango da ita, sunan majemi da na ƙasarsa suka ɓace a hanya. Idan wannan ya sosa maka rai, to ka san abin da ɗan'uwanka na Gwong yake ji.

Na san dalilin da ya sa ciwon ya fi zafi a nan. Masarautar Jema'a da aka kafa a farkon ƙarni na 19 a da tana ƙarƙashin Zazzau, kuma harajin da take kai wa Zariya har da bayi, waɗanda daga ƙauyukan kewaye ake kamo su. Da Turawa suka zo, sai suka sa al'ummomi da yawa ƙarƙashin En'e ɗin sarakunan da ba nasu ba. Wani hafsan Ingila da ya yi aiki a Jema'a, A. J. N. Tremearne, ya wallafa littafi a 1912 wanda tun daga sunansa ya kira mutanen waɗannan duwatsu masu jela, mafarautan kawunan mutane. Jelar kuwa ba komai ba ce illa adon da matan aure ke ɗaurawa a baya. Shekara da shekaru ana kiran mutane da sunayen da ba su suka raɗa wa kansu ba, har sai da suka miƙe suka ce mu Gwong ne, mu Ham ne, mu Bajju ne, mu Atyap ne. Saboda haka idan saurayin Gwong ya ga ana wasa da kayan kakanninsa, tsohon miki aka fama masa. Abokinsa da ya ce masa, "Wasa ne fa, mene ne na zafi?" bai fahimci maganar ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Amma wannan dalilin ne kuma ya sa ya zama dole ku fi kowa iya riƙe fushi. A watan Maris na 1987 saɓani tsakanin ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, a kan kalaman wa'azi, ya fita daga harabar makaranta ya shiga gari, cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. A 1992 maganar sauya wa kasuwa matsuguni a Zangon Kataf ta rikiɗe ta zama zubar da jini. A Afrilun 2011, bayan zaɓe, aka ƙona babbar kasuwar Kafanchan, aka kashe ɗaruruwan mutane a Zonkwa da Matsirga da Kafanchan da wasu wuraren. A kowanne akwai ƙorafi na gaske a ƙasa. Amma a kowanne, galibin waɗanda aka binne ba su ne suka yi laifin farko ba, wasunsu ma ba su san an yi ba. A wata ƙasar cacar baki a kan tufa ko waƙa kan ƙare a waya. A nan takan iya sauka kan titi kafin gari ya waye.

Ku gwada wannan da abin da naci ya samo. Bayan shekaru ana rubuta koke, ana kai wakilai, ana zama da hukuma, Atyap da Bajju suka sami sarakunansu a 1995, wasu al'ummomi da dama kuma a zamanin Gwamna Ahmed Makarfi. A ranar 23 ga Maris, 2016, wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jema'a da Kaura da Sanga da Kachia da Zangon Kataf suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan. Ba ta kawo ƙarshen kashe-kashe ba, gaskiya ne, amma ta nuna cewa mutanen da suka binne 'yan'uwansu za su iya zama a zaure ɗaya, kowa ya faɗi ciwonsa. Idan su sun iya, kai ma za ka iya da wanda ya ɗauki waƙarka.

Ga shawarata, ku ɗauke ta ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, ka bar amsarka ta kwana. Abin da ka rubuta cikin zafin rai da dare, da wuya ka so ganinsa da safe, kuma abin da ya shiga intanet ba ya gogewa. Musulmi ya san an hore shi da ya yi shiru idan ya fusata, ya zauna, ya yi alwala. Kirista ma ya san an gargaɗe shi kada fushi ya ja shi zuwa zunubi. Ba tsoro ba ne, tanadin ƙarfi ne.

Na biyu, ka bincika. Hoton na gaske ne? Na yaushe ne? An yanke bidiyon ne ko cikakke ne? Ka je gaban dattawa ka tambaya: wannan rawar tamu ce mu kaɗai, ko Ham da Nikyob da Bajju ma suna yinta? Al'ummomin yankin nan sun yi auratayya da cuɗanya tun ba yau ba, abubuwa da yawa namu ne gaba ɗaya. Ko kayan Nok, an same su a faɗin ƙasar da ta haɗa Kaduna da Filato da Nasarawa da Neja da Abuja, kuma masana ba su danganta maginansu da wata ƙabila guda ta yau ba. Abin kunya ne mu tsaya muna jayayya a kan wane ne mai shi, dillali yana lodi ta bayan gida.

Na uku, ka kama mai laifin shi kaɗai, ka ƙyale ƙabilarsa da addininsa. Mutum ɗaya ne ya yi bidiyon, kamfani ɗaya ne ya buga tufar. Ranar da ka ce "haka suke dukansu", ka ba mai laifin mafaka, domin 'yan'uwansa da da za su tsawata masa sai su koma kare shi. Ka kuma rasa abokan da za su taya ka, alhali a irin wannan gwagwarmaya muryar na waje da ya goyi bayanka tana da nauyi ƙwarai.

Na huɗu, ka fara da sallama, kuma ka san abin da kake nema. Da yawa daga masu ɗauka ba su san sun ɓata wa kowa rai ba. Ka rubuta masa cikin ladabi: ga asalin abin, ga ma'anarsa a wurinmu, ga abin da muke so. A ambaci sunanmu ne? A cire hoton ne? A nemi afuwa ne? A ba masu waƙar kasonsu ne? Fushin da bai faɗi buƙatarsa ba, ba wanda ya iya biyansa. Idan kuma ya gyara, a karɓa, a yaba masa a bainar jama'a. Wanda ya ga ko ya tuba ba za a ƙyale shi ba, ba zai tuba ba, na bayansa ma haka.

Na biyar, idan ya ƙi, kada ka tafi kai kaɗai. Ka sanar da fadar Kpop Gwong, sarkin Kagoma, da shugabannin al'umma, ku nemi lauya, ku adana shaida da ranarta. Doka ba ta bar ku hannu rabbana ba. Dokar haƙƙin mallakar fasaha ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023, ta ba da kariya ga waƙoƙi da raye-raye da tatsuniyoyi da zane-zanen gargajiya. Ta hana a yi kasuwanci da su ko a fitar da su daga muhallinsu ba tare da izini ba, ta kuma wajabta ambaton al'ummar da suka fito daga cikinta, sannan ta ɗora wa hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta ƙasa alhakin kula da hakan. Idan kayan tarihi ne, hukumar gidajen tarihi ce ke da hurumi.

Hanyar tana da tsawo, ba zan ɓoye muku ba. Solomon Linda, wani Bazule mai aikin ƙarfi a Johannesburg, ya yi waƙar Mbube a 1939, aka sallame shi da sule goma. Waƙar ta ƙetare teku, aka sauya mata suna da baiti, ta yi tashe a Amurka a 1961, ta shiga wani fim na Disney a 1994, aka tara miliyoyin daloli da ita. Shi kuwa ya rasu a 1962 cikin talauci. Abin da ya juya labarin shi ne wani ɗan jarida mai suna Rian Malan ya bi sawun kuɗin ɗaya bayan ɗaya, ya wallafa a 2000. Lauyoyi suka shigar da ƙara a 2004, a 2006 aka yi sulhu, aka sa sunan Linda cikin masu waƙar, iyalinsa suka sami kaso. Haka ita ma Habasha ta tsaya kai da fata a kan sunayen gahawarta, Sidamo da Harar da Yirgacheffe, kamfanin Starbucks ya ja da ita, amma a 2007 ya sa hannu ya amince sunayen nata ne. Ku dubi cittar da ake nomawa a Kagoma da Kwoi da Kachia da Kagarko, tana fita ƙasashen waje buhu-buhu, ba sunan gari ko na manomi a jikinta. Me zai hana ƙungiyar manoma ta yi wa nata tambari, ta yi masa rajista? Wannan aikin masu ilimin zamani ne, wato ku.

Na shida, ku yi hattara da masu cin abinci da fushinku. Akwai mai shafin da zaginku ne ke ƙara masa mabiya, duk yadda kuka yaɗa bidiyonsa don ku la'ance shi, kuɗi kuke tara masa. Akwai ɗan siyasar da ba ya tuna al'adarku sai zaɓe ya ƙarato. Idan ka ga wani yana hura maka wuta amma bai taɓa nuna maka ofishin da za ka kai koke ba, ka tambayi kanka abin da yake nema. Kuma ka kula da lafiyar zuciyarka. Mutumin da kullum ya farka da neman abin da zai ɓata masa rai, zai samu, amma karatunsa da sana'arsa da barcinsa ne za su biya.

Na bakwai, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kai da kake jin zafi idan aka kwaikwayi maganar kakarka, sau nawa ka yi dariya da aka kwaikwayi Bafulatani ko Bagwari ko Bayarabe? Wanda ya naɗa rawani don ya yi wa malamai ba'a, da wanda ya sa rigar limamin coci don ya yi wa majami'a ba'a, laifinsu ɗaya ne. Idan kuma kai ne kake son aron abin wani, ƙa'idar ba ta da wuya: ka tambaya, ka koya daga masu shi, ka faɗi inda ka samo, ka biya idan riba za ka ci, kuma idan aka ce maka wannan ba na fita ba ne, ka bar shi.

Na ƙarshe, kuma shi ne mafi nauyi: ka riƙe naka. Matasa nawa ne a cikinku za su iya hira ta awa guda da harshenmu na Gyong ba su tsoma Hausa ko Turanci ba? Nawa ne suka san ma'anar adon da suke faɗa a kansa? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wayar da kuke zagi da ita tana ɗaukar murya, tana ɗaukar hoto. Ku zauna gaban tsofaffi tun suna raye, ku ɗauki tarihi da kirari da karin magana da sunayen itatuwa da na magunguna, ku rubuta sunan wanda ya faɗa, da gari, da rana. Ku ajiye kwafi a fada da makarantu. Ɗaliban da ke Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da reshen Jami'ar Jihar Kaduna na Kafanchan su yi bincikensu na kammala karatu a kan waɗannan abubuwa. Mai ɗinki ya ɗinka namu, mawaƙi ya rera namu, mai fim ya ba da labarinmu da bakinmu. Abin da aka rubuta da sunan mai shi da ranarsa, da wuya wani ya wayi gari ya ce nasa ne. Idan ma ya ce, ga hujja a hannu. Wanda kuma ya ci karo da tsohon mutum-mutumi a gona, kada ya kira dillali, ya sanar da mai gari da hukuma.

'Ya'yana, ƙorafinku gaskiya ne, kada kowa ya ce muku ba komai ba ne. Amma gadon da kuke karewa bai fi ran maƙwabcinku ba, kuma bai fi naku ran ba. Ku nemi haƙƙinku da ilimi da ladabi da naci, ku ba wasu irin girman da kuke so a ba ku. Allah Ya ba ƙasar Gwong da duk Kudancin Kaduna zaman lafiya mai ɗorewa, Ya sa ku fi mu amfani ga jama'a. Amin.